Nasiha Ga Sa'o'ina Masu Kewar Ranakun Bar Beach

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Wannan nasiha ce zuwa ga sa'o'ina da muka tashi tare a Legas, 'ya'yan Zangon Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, waɗanda ƙuruciyarsu ta faɗo cikin shekarun 1990, kuma ina roƙon ƙannenmu da 'ya'yanmu da za su ci karo da ita su daure su karanta har ƙarshe, domin akwai rabonsu a ciki. Abin da ya tayar da maganar shi ne wani tsohon hoto da ɗaya daga cikinmu ya tono ya turo mana kwanakin baya. Yara tara ne a tsaye a kan rairayin Bar Beach, kowa da sabon ɗinkin Sallah, ƙafar wando a naɗe har gwiwa, takalma a hannu, teku a bayanmu ya yi fari fat da kumfa. Kafin a jima saƙonni sun cika waya. Wannan ya ce daga ranar nan daɗin duniya ya ƙare, wancan ya ce yaran yanzu ba su san komai ba, wani kuma ya ce da ana sayar da jiya da ya sayar da gidansa ya saya. Na karanta duka, na ji abin da kuka ji, har idona ya ciko da hawaye. Sai dai na lura babu wanda ya tambayi labarin yaron da ke tsaye na uku daga hagu, kuma babu wanda ya ambaci mutumin da ya biya kuɗin hoton.

Ba na musun daɗin ranakun nan, kuma ba zan ce wa kowa ya manta da su ba. Ina tune da yadda muke fita yawon Sallah tun da hantsi, gida-gida, har sai kowa ya haɗa Murtala ɗaya ko biyu, wato takardar naira ashirin, mu soke a aljihun ciki saboda 'yan sane na Oshodi. Daga Agege mu shiga molue, babbar motar hayan nan ta Legas, a tsaye, kwandasta yana kwarara ihu, mai tallan magani yana zuba bayani a tsakiyar mota, mu sauka a Oshodi mu nemi ta Obalende, ta bi da mu ta gadar Third Mainland wadda aka buɗe a 1990, gadar da tsawonta ya kusa kilomita 12, yaro yana leƙen ruwa ta taga yana ganin kamar ba za ta ƙare ba. Daga Obalende sai danfo, wato ƙaramar motar haya. Tun kafin ido ya ga tekun kunne ya riga ya ji shi, wani irin ruri kamar na hadari mai nisa, ga iska mai gishiri-gishiri tana dukan fuska. Titin da ya bi gefen ruwan sunan Sardauna yake ɗauke da shi, Ahmadu Bello Way, kuma duk lokacin da muka karanta allon mukan ji kamar mun zo gidan kakanmu. Masu dawaki, waɗanda da yawansu da Hausa muke gaisawa, za su ɗora ka su ja linzami zuwa can nesa su dawo da kai; mai kwakwa zai sare mata kai da adda ka sha ruwan ka kankare naman; masu fararen riguna na coci suna gefe guda ba takalmi, da ƙararrawa da kyandir, suna addu'o'insu; mu kuwa mu kafa takalma biyu a matsayin raga mu yi ta buga ƙwallo har ƙafa ta yi nauyi. Da magariba mu kama hanyar gida da rairayi a kunne da aljihu, fata ta yi furu-furu da gishiri. Duk wannan ya faru, kuma ni'ima ce daga Allah wadda ta cancanci godiya.

Wurin nan yau babu shi, kuma ya kamata mu san dalili, domin tun muna wasa a kansa yake tafiya ba mu sani ba. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jibge manyan duwatsu suka yi dogayen katangu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, don kada rairayi ya toshe wa jirage hanya. A wannan gaɓa kuwa igiyar ruwa tana kwasar rairayi ne daga yamma tana kai shi gabas, saboda haka katangun suka tare shi a ɓangaren yamma, ɓangaren gabas inda Bar Beach yake ya zama teku yana ɗiba kullum ba a mayar masa. Gwamnatoci sun sha zuba sabon rairayi, teku yana lashewa, har ta kai ruwa yana tsallakowa ya malale Ahmadu Bello Way ya shiga gine-ginen da ke bakin titin. Daga baya aka fara cike tekun don gina sabon birnin Eko Atlantic, aka yi masa katangar dutse da kankare wadda aka tsara tsawonta zai wuce kilomita 8, kuma a watan Fabrairun 2013 aka yi babban bikinsa, wanda Shugaba Goodluck Jonathan da Gwamna Babatunde Fashola da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suka halarta. Wanda ya je yau neman inda muka tsaya aka ɗauke mu hoto, tituna da dogayen benaye zai tarar, ruwan kuma ya matsa can nesa. Daga cikin duk abin da ke cikin hoton nan, mutanen kaɗai suka rage, su ma ba duka ba.

A nan ne nasihata take. Kewa takan tace wa mutum abin da ya wuce, ta ajiye masa zaƙin ta zubar da ɗacin, har ya rantse da Allah cewa zamaninsa babu aibi. Ni ina roƙonku mu tuna ranakun nan gaba ɗayansu. Mu tuna sau nawa azahar da la'asar suka wuce mu muna cikin ruwa, muka haɗa su da magariba a gaggauce, ko muka bar su kwata-kwata, alhali mun riga mun balaga. Mu tuna sau nawa muka ce wa iyayenmu mata za mu gidan ƙanwar baba a Obalende, muka zarce bakin teku, domin mun san idan muka faɗi gaskiya ba za a bar mu ba. Mu tuna abubuwan da idanunmu suka kalla a bukkokin giya da ke can ƙarshen rairayin, da waɗanda daga cikinmu suka fara zuƙar taba a wurin, da waɗanda daga taba suka wuce zuwa abin da ya fi ta, har yau wasunsu ba su dawo daidai ba. Wanda ya tuna wannan zai nemi gafarar Allah a kan ƙuruciyarsa kamar yadda yake gode masa a kanta.

Sannan mu tuna na uku daga hagu. A dogon hutun da ya biyo bayan wannan Sallar muka koma, mu shida, ranar da hadari ya haɗo kuma teku yake ta hauka, kamar yadda yakan yi da damina. An kafa jan ƙyalle a bakin ruwa, wani dattijo mai doki ya ce mana da Hausa, "Samari, yau ba ranar shiga ba ce," muka yi masa godiya muka matsa gaba inda ba ya ganinmu. Abokinmu ya tuɓe rigarsa ya ninke ta da kyau, ya ɗora agogonsa na roba a kai, ya ce in riƙe masa. Ruwan bai wuce ƙugunsa ba lokacin da na ɗauke ido, da na sake dubawa sai na hango kansa can ciki, hannu ɗaya a sama, ruwa yana tafiya da shi kamar ana jan sa da igiya. Muka yi ta ihu, mutane suka taru, babu wanda ya iya kaiwa gare shi. Ni na koma Agege da rigar nan a hannuna, kuma ni na tsaya a zauren gidansu na kasa buɗe baki har mahaifinsa ya dubi rigar ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai bayan kwana biyu teku ya dawo da shi. Mahaifiyarsa ta ɗauka yana gidan malaminsu yana bitar karatu, domin abin da muka shirya za a faɗa ke nan. Allah ya ƙaddara kwanansa ya ƙare, wannan babu shakka, amma ƙaryar tamu ce, ƙin jin maganar dattijon nan ma namu ne. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana.

Ku ƙannena da kuke zuwa bakin teku a yau, ko a Lekki ne ko a wani gari, ku riƙe wannan da kyau. Ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, kuma sau da yawa yakan tattaru ya koma ta wata siririyar hanya da ƙarfin da ko gwanin iyo ba zai iya yin gaba da gaba da shi ba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, domin igiya ba ta cika fashewa a kansa ba. Wanda wannan ruwa ya ɗauka, kada ya ƙarar da ƙarfinsa wajen kokawar komowa kai tsaye. Ya natsu ya bar jikinsa ya taso, ya yi iyo ta gefe yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar, yana ɗaga hannu don a gan shi. Iyon da aka koya a kududdufi ko a rafi bai isa a gwada shi a Tekun Atlantika ba. Idan kuka ga jan ƙyalle, ko wani wanda ya san wurin ya ce kada ku shiga, to ku tsaya a tudu. A watan Agustan 2012 teku ya yi ambaliya a Kuramo, dab da Bar Beach, ya tafi da mutane da dama, yawancinsu ba ma wanka suka shiga ba.

Na dawo gare ku, sa'o'ina. Akwai wani abu kuma da kewa take ɓoye mana, shi ne cewa shekarun da muke kira na daɗi shekarun wuya ne ga waɗanda suke ɗauke da mu. A watan Yulin 1990, muna yara, aka rushe unguwar Maroko da ke kusa da wannan rairayi a zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, dubban ɗaruruwan mutane suka wayi gari ba matsuguni a tsakiyar damina. A 1993 aka soke zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni, Legas ta yamutse, iyayenmu da yawa suka loda mata da yara a manyan motoci zuwa Arewa saboda fargabar abin da zai biyo baya. A 1994 ma'aikatan mai suka shiga dogon yajin aiki, gari ya tsaya cak, kananzir ya gagari talaka, uwaye suka koma girki da itace da garin katako. Ko rairayin kansa, iyayenmu sun san shi da wata fuska, domin a kansa ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna a harbe su a bainar jama'a cikin shekarun 1970, a nan aka harbe Ishola Oyenusi a 1971. Mu ba mu ji nauyin komai ba saboda akwai kafaɗun da suke ɗauke da shi. Uba yana kwana a kan buhunan goro ko a kara wajen shanu, uwa tana tashi kafin asuba ta dafa abincin sayarwa, a haka aka yi mana ɗinkin Sallar da muka naɗe ƙafarsa muka shiga ruwan gishiri da shi.

Wanda ya biya kuɗin hoton nan yayan ɗaya daga cikinmu ne, tela, wanda ya rufe shagonsa ranar ya raka mu don kada mu ɓata a hanya. Shi ya biya wa waɗanda kuɗinsu ya ƙare motar komowa, shi ya saya mana tsire, kuma ba ya cikin hoton domin ya tsaya a gefe yana riƙe da hulunanmu. Na bincika na samu labarin cewa idonsa ya yi rauni, ya daina ɗinki, yana zaune a ɗaki guda na haya. Mu takwas da muka rage a cikin hoton, akwai ɗan kasuwa, akwai ma'aikacin gwamnati, akwai wanda yake ƙasar waje, kuma dukanmu mun iya zama mu yi awa biyu muna yabon wannan rana, amma a cikinmu babu wanda ya taka ƙofarsa cikin shekara goma, har da ni mai wannan magana. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Rikicin Ketu da Mile 12 na 1999 da na Idi-Araba na 2002 sun warwatsa gidaje da yawa, wasu suka koma Kano da Katsina da Sakkwato ba su sake dawowa ba, wannan gaskiya ne, amma yau kowa yana da lambar kowa a aljihunsa, uzurin nisa ya faɗi.

Abin da ya fi damuna a cikin saƙonnin nan shi ne yadda kewa ta juye ta zama raini ga 'ya'yanmu. Mun ce ba su san daɗi ba, ba su san abota ba, sun sunkuya a kan waya kamar marasa lafiya. Ina so mu yi wa kanmu adalci mu tambaya, wa ya saya musu wayar, kuma wane fili muka bar musu? Bar Beach wuri ne na kowa, yaron da ba shi da ko sisi yana iya taka rairayi ya sha iska daidai da ɗan minista. Yau galibin wuraren shaƙatawa na bakin teku a Legas suna da ƙofa da mai karɓar kuɗi, kuma magidanci mai 'ya'ya biyar sai ya yi lissafi kafin ya doshe su. Filayen ƙwallon unguwa sun zama shaguna da gidajen haya. Tsoron masu satar mutane ya sa ba ma barin yaro ya tsallaka titi, balle ya ratsa gari a motar haya kamar yadda muka yi. Mu muka kulle su a gida, da dalilinmu mai ƙarfi, sannan muka dawo muna zarginsu da zaman gida. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

Kuma wannan harshe na cewa zamani ya lalace, mutane sun ƙare, harshe ne da addini ya yi mana kashedi a kansa. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan mutum ya ce mutane sun halaka, to shi ne ya fi su halaka. An kuma hana mu zagin zamani, domin Allah ne yake jujjuya dare da rana. Yaron da kullum yake jin ubansa yana cewa alheri ya ƙare tun kafin a haife shi, me ake so ya yi da rayuwarsa? Ko dai ya yarda ya karaya, ko ya daina sauraron uban gaba ɗaya, kuma na ga duka biyun a gidajenmu. Dattawan zamaninmu ma sun ce mana mun lalace saboda kaset da gidan kallo, muka ji zafin maganar, muka yi alkawari a zuci ba za mu yi wa namu haka ba.

Saboda haka idan za mu ba su labarin Bar Beach, mu ba su shi cikakke, da dokin da kwakwar da jan ƙyallen da rigar da na kai zaure. Yaro ya fi karɓar gargaɗi daga uban da ya ce "na yi kuskure kaza, ga abin da ya jawo" fiye da uban da yake nuna kamar da carbi a hannu aka haife shi. Kuma mu yi musu abin da telan nan ya yi mana. Mu rufe shago yini guda, mu ajiye waya, mu ɗauke su da abokansu mu kai su inda za su ga ruwa ko dutse ko daji, mu tsaya a gefe muna riƙe da takalmansu, idan lokacin salla ya yi mu shimfiɗa darduma mu ja su jam'i a wurin, don su taso da sanin cewa nishaɗi da ibada suna zama a yini ɗaya. Wanda yake Arewa ba shi da teku, amma yana da Tiga da Yankari da duwatsun garinsu da gonar kakansu.

Ku kuma matasa, ranakun da kuke ciki yanzu su ne waɗanda za ku yi kewa nan da shekara ashirin, ko da yau kuna ganinsu ba komai ba. An ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa a ribaci abu biyar kafin biyar, na farko a cikinsu shi ne ƙuruciya kafin tsufa. Ku yi wasa, ku yi dariya, ku yi abota ta gaskiya, babu wanda ya hana. Amma kada ku fita gida da ƙarya a bakinku, ku faɗa wa mahaifiyarku ainihin inda za ku da waɗanda za ku tafi tare, ko da faɗin zai sa a hana ku. Ni na san nauyin tsayuwa a gaban uwar da aka yi wa ƙarya, kuma shekara kusan talatin ba su rage shi ba.

Mahaifiyar abokin namu tana nan da rai, ta tsufa ƙwarai, tana zaune wajen ƙaramar 'yarta a Agege. Telan ma yana nan, tafiyar minti goma ce tsakaninsu. Na yi niyya, in Allah ya kai mu Sallar da ke tafe, washegarinta bayan la'asar zan je in gaishe su duka biyun, zan kuma wanke hoton babba in kai wa kowannensu. Mutum biyu sun riga sun ce za su zo. Wanda yake nesa ya aiko da abin da ya sawwaƙa a haɗa wa telan kuɗin ganin likitan ido, wanda yake Legas kuma ya zo da ɗansa ko 'yarsa, mu haɗu a ƙofar babban masallacin Zango mu tafi tare. Wassalamu alaikum.